Ranar da Na Kai Makaɗin Dambe Filin Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Faskari ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina. Ita ce ranar da ni, magidanci mai shekara hamsin da ɗoriya, mai tumbi da furfura, na tsayar da wasan ƙwallo cak a gaban jama'ar gari guda. Kuma wai duk da sunan taimakon ɗana na yi.

Ni mahauci ne a kasuwar Ƙanƙara, gadon gidanmu ke nan. Kamar yawancin 'ya'yan mahautan zamaninmu, na taɓa dambe da ƙuruciya. Tabarya ake ce mini a fage. Daga Sheme har Daudawa, in kaka ta yi aka share fage, da wuya a watse makaɗa ba su ambaci sunana ba. (Maiɗakina, Hajiya Rabi, takan ce labarin damben nan nawa kullum ƙara ƙiba yake yi kamar mai shi. Kada ku saurare ta, ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa kallo ba.)

Ɗana na huɗu, Nazifi, dogo ne siriri, amma Allah ya ba shi manyan hannuwa. Tun yana ƙarami in na kalli hannuwan nan sai in ce alhamdulillahi, na sami magaji. Ina! Yaro ya tashi ya ce shi ƙwallo zai yi, a ƙwallon ma wai gola, mai tsaron raga. Na ce da shi wannan wace irin sana'a ce, ka tsaya ana ta jifanka da abu kai ba ka rama ba? Dariya kawai ya yi ya ci gaba da abinsa. Da ya sami shiga kwaleji, ƙungiyar makarantar ta ɗauke shi, sai ga ni na fi kowa zaƙewa. Duk wanda ya zo sayen nama a wurina sai ya fara jin labarin gola kafin a kai ga sikeli. Akwai wata tsohuwa da ta zo sayen hanta ta tafi da tarihin Nazifi tun daga yaye.

Ana nan, wata Talata ranar kasuwa, ina cikin aiki sai na ɗaga kai na ga Nazifi tsaye a bakin rumfa da jakarsa, alhali ba hutu aka yi ba. Fuskar nan a yamutse. Da ƙyar ya buɗe baki ya yi mini bayani. Wai kocinsu, wato mai horar da su, ya kira shi gefe ya ce bana ba za a sa sunansa cikin masu buga gasa ba. Zai riƙa atisaye da su kullum, zai bi su duk inda suka je, amma ba zai shiga fili ba. Dalili kuwa, akwai wani babban gola da ke shekararsa ta ƙarshe, kuma dokar gasar ta ƙayyade wa kowane ɗalibi shekarun da zai buga. In aka sa sunan Nazifi bana ya ƙare a benci, shekara guda ta tafi a banza. In aka ajiye shi, shekarunsa suna nan cif, ga shi ya ƙara ƙwari.

Yanzu da nake rubutawa bayanin nan ya fito mini fes. A ranar kuwa abu ɗaya kunnena ya ɗauka: an zaunar da ɗan Tabarya.

Shi ma abin da ya ɗauka ke nan. Ya ajiye jaka ya ce, "Baba, ni na gama da ƙwallo. Makarantar ma ban ga amfanin komawa ba, kowa ya san an aje ni. Ka ba ni yuƙa in kama aiki."

Wannan yaro shi kaɗai ne a gidana ya wuce sakandare, kuma na san ƙwallon nan ce ta riƙe shi a aji. In ya saki ɗaya, ɗayar ma ta tafi. Tausayinsa ya cika ni har na ji idona yana zafi. Kun san abin da na ce masa? Na ce, "To, Allah shi kyauta. Riƙe mani ƙafar ga." Na miƙa masa ƙafar akuya. Iyakar ta'aziyyar da ya samu a wurin ubansa ke nan.

Ba rashin so ba ne, rashin iyawa ne. Mu haka muka tashi. Ubana bai taɓa zaunar da ni ya tambaye ni abin da ke damuna ba. In ya ga na yi shiru sai ya ƙara mini aiki.

Kwana uku Nazifi yana gida, ba ya fita, ba ya cin abin kirki. Safar hannunsa ta gola, wadda da ko ƙannensa ba su isa su taɓa ba, ya jefa ta bayan randa. Hajiya ta same ni ina alwala ta ce, "Malam, yaron ga zai lalace muna kallo. Ka zamna ka yi mashi magana."

Na ce, "Mi zan ce mashi?"

Ta ce, "Abin da uba ke ce ma ɗanshi. Bakinka ba ya rufuwa a kasuwa, sai a gida ne ka zama kurma?"

Ita ce dai ta lallashe shi. Koci ya yi ta kiran waya, ya ce ƙungiyar za ta zo wasan sada zumunta da matasan Faskari ranar Asabar ta makon gaba, ya dawo ya biyo su. Hajiya ta roƙi Nazifi ya koma ko zuwa ranar ne, in an tashi wasan ya biyo motar Ƙanƙara in har ransa bai sauya ba. Ya ɗauki jaka ya tafi kamar wanda za a kai asibiti. Ke nan kwana takwas nake da su in ceto karatun ɗana.

Na zauna na yi tunani irin na tsohon ɗan dambe, kuma daga nan ne masifa ta faro. A fage, in yaro ya karaya ya noƙe a bayan mutane, ba lallashinsa ake yi ba. Makaɗi ake sawa ya buga takensa, wato kiɗan da aka yi domin shi kaɗai. Da ya ji, jikinsa zai hau tsuma, ya miƙe ya fito ko bai shirya ba. Kuma in makaɗi ya kira mutum a gaban jama'a, babu sarkin damben da ya isa ya ce ba zai shiga ba. Na ce shi ke nan, na gano bakin zaren. Zuciyar yaro ce ta yi sanyi, shi kuma koci bai san ɗan wa ya ajiye ba. Kalangu ɗaya zai warkar da su duka biyun.

Washegari na hau babur na nufi wani ƙauye ta wajen Sabuwa, inda tsohon makaɗina Baba Tanko yake. Hanya ta girgiza mini hanji, amma na isa. Na tarar da shi a gindin bishiyar bedi yana gyaran tsarkiyar kalangu, ya tsufa tukuf, haƙora sun ƙare sai na gefe. Ya ƙura mini ido ya ce, "Tabarya? Kai ne ko wanda ya haɗiye ka?"

Bayan mun gaisa na yi masa bayani. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Shi ƙwallon ga, turmi nawa ake yi?"

Na ce, "Biyu, Baba." (Turmi shi ne zagaye ɗaya na dambe.)

"Ana kisa?" (A dambe in ka kai abokin karawarka ƙasa, ka kashe shi ke nan.)

"Ba a kisa. Raga ake zura ma."

"To mi mutane ke kallo?"

Ni ma na daɗe ina yi wa kaina wannan tambaya. Ya dai yarda zai zo. Amma da zan tafi ya riƙe mini hannu ya ce, "Ka san ƙa'idata, Tabarya. Ban buga take shi hwaɗi ƙasa banza. In na kira, sai an amsa." Na bugi ƙirji na ce jinina ne, zai amsa.

Da Hajiya ta ji shirin, ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ka tambayi yaron?"

Na ce, "Ana tambayar marar lahiya kahin a ba shi magani?"

Ta ce, "Allah shi sa ba likitan za a kwantar ba." Ta shige ɗaki.

Ranar Asabar na sa babbar rigata ta zuwa ɗaurin aure, na yafa hirami a kafaɗa. Na kwashi abokan sana'ata huɗu, cikinsu har da Iliya mai balangu, wanda in ya yi ihu a bakin kasuwa ana jinsa a tasha. Muka cika mota ɗaya, muka ɗauki Baba Tanko a mararraba, da niyyar mu juyo kafin magariba saboda halin da hanya take ciki. Mun isa filin ana gab da fara wasa bayan la'asar. Jama'a maƙil, har kan katanga da rassan bishiya.

Na hango shi tun daga nesa. Yana zaune a ƙarshen wani dogon benci, an sa masa wata riga mai ruwan ɗorawa marar hannu irin ta waɗanda ba sa bugawa, ga gorunan ruwa jere a gabansa. Ashe har ruwa yake raba musu! Zuciyata ta tafasa. Na ja tawagata muka kutsa muka tsaya daidai bayan bencin, na bari aka ɗan taɓa wasa, sannan na dubi Baba Tanko na ce, "Bismilla."

Tsohon nan haƙoransa ne suka tafi, hannunsa yana nan. Kalangu ya ɗauka, shi kuma ya saki murya:

"Nazifi ɗan Tabarya! Ƙofar ƙarfe mai hana wucewa! Na Rabi, tashi ga rana ta hito!"

Rabin filin ya juyo. Nazifi ya waiwayo, ya gan ni, ya ga kalangu, ya ga mahauta huɗu suna ɗaga masa hannu. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi irin abin da tasa ta yi ba. Ga shi an ambaci sunan uwarsa a gaban abokansa. A hankali ya sunkuyar da kai, ya jawo rigar ɗorawar nan ya rufe fuska da ita. Ni kuwa da na ga kafaɗunsa suna motsi sai na ce da Iliya, "Ka gani? Tsuma ta fara!" (Daga baya ya gaya mini addu'a yake yi ƙasa ta tsage.)

Koci, wani matashi mai sanƙo da takarda a hannu, ya dube mu sau ɗaya ya mayar da kansa ga wasa. Na ɗaga murya na ce, "Malam koci! An kira yaro! A ba shi fage!" Ko gezau. Baba Tanko ya sake maimaita taken, ya sake, har sau biyar. Nazifi bai motsa ba.

Sai na ji kiɗan ya tsaya. Tsoho ya matso kunnena ya ce, "Yaron ga bai tashi ba, Tabarya. Shekara hamsin ina kiɗa ba a taɓa yi mani haka ba. To gidanku dai sai an amsa." Kafin in fahimci nufinsa ya gyara kalangu a hammata, ya matse, ya sauya hannu.

Takena ne. Rabon da in ji shi tun kafin a haifi Nazifi.

Wanda bai yi dambe ba ba zai gane ba, kuma ba na neman ya gane. Abin da na sani shi ne tsigar jikina ta tashi, gwiwoyin nan da ke hana ni tashi daga tabarma suka saki, filin ya koma mini fagen Sheme bayan girbi. Ban san lokacin da na tuɓe babbar riga na wurga wa Iliya ba. Ashe a ƙasanta tsohuwar singiletin da nake aiki da ita ce, mai huji uku, ɗaya daidai cibiya. Na fizge hirami na naɗe hannun dama da shi, na tsallake farin layi, na faɗa fili hannuwa a sama ina kirari:

"Sai ni Tabarya, mai dakan ƙato! Ni na Tanko, mai raba yaro da haƙoran gaba! Wanda ya ƙoshi da duniya shi hito!"

An ce alƙalin wasa ya yi ta busa usur. Wa zai ji usur kusa da kalangun Baba Tanko? 'Yan wasa na ta kauce mini, ni kuwa ina ganin tsoro ne ya sa suke watsewa. Ina ta zagaye ina neman wanda zai amsa kira, sai na hango shi can bakin raga: wani ƙaton saurayi, ya buɗe ƙafafu, ya ɗan duƙa, ya miƙo hannuwa gaba, hannuwan kuma a naɗe cikin manyan safa. A dambe, duk wanda ya fito ya duƙa haka ya miƙo maka hannu, ya amsa ke nan. Na ce madalla, ga namiji.

Golan kwalejin ne. Shi ne wanda aka ajiye ɗana dominsa, ko da yake wallahi a lokacin ban sani ba.

Na je gabansa na gyara tsayuwa, hagu a gaba, dama a baya tana jiran dama. Ya matsa dama, na bi shi. Ya matsa hagu, na tare. Na ga idonsa ba a kaina yake ba, yana leƙen bayana, na ce a raina wannan tsohuwar dabara ce, ba za ka ruɗe ni da ita ba. Sai ihu yake yi, "Baba matsa! Baba don Allah matsa!" Na ce, "Tabarya bai matsawa, yaro!"

Abin da yake leƙe shi ne ɗan wasan gaban Faskari, wanda shi ma bai ji usur ba, ya taho da ƙwallo a guje. Ya saki wani bugu da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

A ƙeya ta same ni. Na ji wani dum, na ga wuta, hulata ta yi nata wuri. Sai ga ni rub da ciki, baki cike da ƙasa. Ita kuwa ƙwallon, da ta gama da ni, ta karkata ta wuce golan ta gefen da bai zata ba, ta kwanta a cikin raga. Ragar ƙungiyar ɗana.

Muryar da ta fara tashi ta Iliya ce, abokina na shekara talatin, rungume da babbar rigata. Sabo ya rinjaye shi ya kwarara ihu, "Ya kashe!" Shi kuma Baba Tanko, da yake al'adar makaɗa ce su bi wanda ya yi kisa, ya juya kalangu wajen yaron da ya buga, yana tambaya, "Wa sunanka, yaro? Ɗan wane gida ne?" Mutumin da na je har wajen Sabuwa na nemo!

Sai fili ya kece. 'Yan Faskari na tsalle suna cewa, "Ta shiga! Baba ya ci!" 'Yan kwaleji sun kewaye alƙalin wasa suna cewa ba ta shiga ba. Ina kwance ina jin ana muhawara a kaina, wai shin ƙwallon da ta bugi ƙeyar ɗan kallo tana cikin lissafi. Wani ya ce ai ba ɗan kallo ba ne, ya fi minti biyu yana wasa. Wayoyi kuwa ko'ina, kowa ya saito ni. Tsumar ta sauka gaba ɗaya, ta bar ni da singileti mai huji da ciwon gwiwa. Na yi shawarar in ci gaba da kwanciya kamar na suma har kowa ya watse.

Sai na ji ruwa mai sanyi a ƙeyata, da wata murya ƙasa-ƙasa: "Baba. Baba, tashi mu tahi." Nazifi ne, da ɗaya daga gorunan nan. Ya ratso filin a gaban kowa, bai tsaya tunanin abin da za a ce ba. Ya ɗaga ni, ya karkaɗe mini ƙasa, ya tsinto hulata ya sa mini, ya cire rigar ɗorawarsa ya rufa mini a kan singileti. Ya riƙe ni muka taka har benci, ya zaunar da ni kusa da shi. Alƙali ya soke cin, aka kai Baba Tanko bayan katanga aka haɗa shi da ruwan shayi, wasa ya ci gaba.

Ni ina kallon takalmina, shi yana kallon fili. Can na ji yana magana shi kaɗai: "Ya hito da wuri. In suka ɗaga mashi ta sama ta wuce shi." Bai rufe baki ba aka ɗaga ta sama, da ƙyar golan ya taɓa ta ta fita. Jim kaɗan ya ce, "Mai lamba bakwai ɗin ga ba ya bugu da hagu, a tura shi can." Koci ya waiwayo ya ce, "Me ka ce, Nazifi?" Ya maimaita. Koci ya yi wa 'yan bayansa ihu su yi hakan. Na saki baki ina kallon ɗana. Ni da na zaci a bencin nan zaman makoki yake yi.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, koci ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, abin da ya ƙara mini kunya fiye da in ya zage ni. Ya ce, "Sannu Alhaji, ya ƙeyar?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Na ji an ce kun yi dambe. In tambaye ku mana. A dambe, ranar da yaro ya zo, ranar ake haɗa shi da ƙato?" Bai jira amsa ba, ya tafi wurin 'yan wasansa.

Tambayar ta zauna mini a ƙirji, don na san amsarta, kuma na san shekara nawa na yi ina ɓoye ta. Na gyara murya na ce, "Nazifi."

"Na'am, Baba."

"Ka san kaka biyu na yi ina bin ubangidana ba a naɗa mani hannu ba? Jakar layunshi nike ɗauka, da butar ruwa. In ya tofa yawu ni ke rufewa da ƙasa. Akwai ranar da na yi kuka bayan wata rumfa a Daudawa, na ce na bar dambe har abada."

Ya juyo ya dube ni sosai. Ya ce, "Baba, ba kai ka ce ranar da ka fara shiga fage ka kashe mutum ukku ba?"

Na ce, "Ƙarya nike."

"Wanda kuma ka ce ka buge shi ya hwaɗa cikin masu kallo?"

"Wannan gaskiya ce. Amma santsi ya taimaka."

Ya yi ƙoƙarin riƙewa, ya kasa. Dariya ta ƙwace masa, irin wadda take naɗe mutum gida biyu, har da hawaye. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ranar kasuwar nan. Ni ma na kama, ƙeya na zafi ina yi. Da muka lafa sai na ji maganar da ta gagare ni kwana goma sha ɗaya ta fito da kanta. Na ce masa ina alfahari da shi, ko ya shiga fili ko bai shiga ba. Na ce wuƙa tana nan ba inda za ta, amma ba na so ya ɗauke ta don an ɓata masa rai. Sai ya miƙo mini gorar ruwa.

Da aka tashi, motar Ƙanƙara tana gefe ɗaya, motar kwaleji tana ɗaya gefen. Na tsaya ina gyara babbar riga kamar ban damu ba. Ya ɗauki jakarsa, ya tattara gorunan ruwa, ya zo ya ce, "Baba, ka ce ma Inna safata na bayan randa, a aiko mani da ita ran Litinin." Ya ƙara da cewa, "Kuma don Allah, in za ka zo kallo, ka zo kai ɗaya." Ya shiga motar kwaleji.

Kafin mu isa gida hoton ya riga mu. Hajiya ta tare ni a zaure da waya a hannu, ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce ruwan zafi na nan in gasa ƙeya. Har na gama gashin ina jin ta a madafa tana dariya ita kaɗai. A kasuwa kuwa an yi wata guda yara na wucewa ta gaban rumfata suna cewa, "Baba matsa!" Nazifi yana can, ya cinye shekararsa a benci, yana atisaye, yana karatu, kuma duk Juma'a sai ya kira ni mu yi hira.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ɗanka ya shiga damuwa, ka je ka zauna kusa da shi ka gaya masa gaskiya, ko da gaskiyar za ta rage maka tsawo. Ba sai ka nemo makaɗi ba. Zaman nan dai ba makawa sai ka yi shi, don haka gara ka taka da ƙafarka ka je, da a kwaso ka daga ƙasa a kai ka.